Bature da Hausar Bakin Fili

Duk wanda ya zauna a unguwar Jurf a shekarun da kwanon dish ya fara hawa kan gidajen Madina ya san muryar Bature, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. In kuwa ya ga fuskar, sai ya sake tambayar sunan, domin mutumin baƙi ne wuluk, gajere, mai faɗin ƙirji. Ranar Talata aka haife shi, kakarsa ta ce Bature, sunan ya bi shi. A takardar hukuma akwai wani dogon suna, amma in ka kira shi da shi sai ya waiga ya ga wa ake nema.

Mahaifinsa da ƙafa ya taso daga ƙasar Damagaram yana saurayi, ya yi aikin auduga a Sudan, ya haye teku, ya sauke farali, ya zo ziyara Madina, ya ce shi kam ya iso. Bai bar wa ɗansa gida ko gona ba. Ya dai bar masa Hausa, irin ta da, wadda in Bature ya yi wa alhazan Kano sai su kalli juna, su ce rabonsu da jin wannan kalma tun kakarsu na da rai.

Sana'arsa jigilar masu ziyara. Yana da wata tsohuwar mota jimis ruwan ƙasa, babba, mai ƙofar baya da ake ɗaurewa da igiya. Da safe yakan tsaya inda motoci ke jiran fasinja yana kira: "Ziyara! Ziyara! Uhudu, Ƙuba, Ƙiblataini!" A nan muryar ta ginu. Matarsa Ƙaltume ta sha cewa ko atishawa ya yi a ɗaki ya ce alhamdu lillahi, maƙwabta ne ke riga ta amsawa.

Bayan la'asar kuwa wani mutum ne daban. A bayan gonakin dabino akwai wani fili na ƙasa da tsakuwa, ragarsa bututun ruwa ne aka yi wa walda. A nan ƙungiyar ƙwallon unguwa take wasa. Sunanta Barƙu, wato walƙiya, ko da yake ba a taɓa samun wanda gudunsu ya kashe wa ido ba. Bature ne kocinsu. Shi kansa bai taɓa iya ƙwallo ba; tsofaffin abokansa sun ce sau ɗaya ya ci, ita ma a ragarsu. Ya zama koci ne don shi ke da motar da za ta kwashe yara duka, shi ke da muryar da za ta kai ƙarshen fili.

Amma yana da makami, kuma kowa a Jurf ya san shi. Yaran Barƙu kusan duk jikokin alhazai ne, haifaffun Madina. Bature da Hausa yake ba su umarni, a fili, da ƙarfi, a gaban abokan karawa.

"Mai lamba biyar ɗin nan ya gaji, ku bi ta wajensa!"

"Golansu ya fito, ɗaga masa ta sama!"

"Ku fito gaba ɗaya, ku bar shi ya yi satar gida!"

Mai lamba biyar yana nan tsaye, yana jin ana ihu, bai san shi ake rabawa ba. Da wannan Barƙu ta daɗe tana cin waɗanda suka fi ta gudu da takalma masu kyau.

Akwai kuma abin da Bature bai taɓa faɗa wa kowa ba sai Ƙaltume. Ɗansu Saif, wanda shi ne kyaftin kuma ɗan baya, saurayi ne mai ladabi, ma'aikaci a wani kamfanin kayan gini. A gida in uban ya yi masa magana da Hausa, yana ji sarai, amma amsa ɗaya ce, da Larabci: "Hadir, ya Abuya." Ko "Tayyib." Haka ƙannensa. Bature ya yi faɗa ya gaji, ya yi lallashi ya gaji. Amma da zarar Saif ya sa ƙafa a filin nan, sai harshen ya kunce.

"Khalilu, bayanka! Bayanka na ce, kurma ne kai?"

"Baba, na gan shi, bar ni da shi!"

Wata rana ya ji ɗan nasa ya ce wa wani ɗan gaba "sakarai, mai kan kwano," da lafazi tsaf irin na marigayi kakansa. Bature ya juya baya ya goge ido da gefen shimaginsa, ƙyallen da yake yafawa a ka, ya ce ƙura ce.

To, a shekarar da aka yi gasar duniya a Faransa, wani zazzaɓi ya shigo gari. Manyan kulob na ƙasa suna ta sayo 'yan wasa daga ƙetare, jaridu ba su da zance sai na wanda aka kawo da abin da aka kashe a kansa. Ƙananan ƙungiyoyin unguwanni su ma suka ce ba za a bar su a baya ba. Kowa ya fara farautar ɗan wasan da ba shi da ƙungiya, a ba shi ɗan abin hannu da sabon takalmi, ya buga gasar bazara.

A Jurf, majalisar ƙwallo tana kan dogon bencin ƙofar shagon Mahmudu, wani dattijo mutumin Sudan mai sayar da kayan masarufi. A nan ake sauke shugabannin kulob a naɗa wasu, a kori koci a dawo da shi, duk kafin shayi ya huce. Wanda ya kawo zazzaɓin kan bencin shi ne Sa'id, ɗan yayar Bature, mai ofishin dillancin filaye a Khalidiyya. Shi ke saya wa Barƙu riguna, don haka bakinsa yana da nauyi.

"Kawu, zamani ya wuce ihu," in ji Sa'id wata Juma'a da yamma. "Ƙwallo yanzu idara ce. Tsari. Ka kawo ƙwararru biyu ko uku, ka kawo koci mai shahada, takardar shaida a hannu, shi ke nan, kofi ya zo gida."

"Shahada ta me?" Bature ya tambaya. "Ni shahada ɗaya na sani, kuma da ita nake fatan cikawa."

"Ka gani ko? Ana maganar aiki kana wa'azi."

"Kulob nawa suka sayo mutum da kuɗin gida guda, ya zo ya kwanta jinya? Wancan da aka yi ta hotonsa a jarida, me ya ci ban da shinkafa?"

"Ba laifinsa ba ne, laifin masu kulob ne, ba su san matsayin da yake bugawa ba."

"Yauwa! Masu kulob. Irinka ke nan."

Benci ya ɗauki dariya. Mahmudu ya miƙo wa Sa'id shayi yana cewa, "Sha, ya zol, kawunka ya ci ka ɗaya."

Sa'id bai yi fushi ba, yaro ne mai fara'a, kuma yana son kawunsa. Abin da ya sa maganarsa ta fi zafi ke nan. Ya ce shi ba korar kowa zai yi ba. Za a yi wa Kawu shugaban girmamawa, a saya masa kujera mai laima, ya zauna a inuwa kamar manya. Akwai wani malamin motsa jiki a wata makaranta, mutumin kirki, ya yi kwas, shi zai karɓi aikin.

"Yana jin Hausa?" Bature ya tambaya.

"Kawu, me ƙwallo za ta yi da Hausa?"

Bature ya kau da kai. Ya kalli kofin shayinsa. Ya san abin da zai biyo baya: sabon koci zai yi magana da Larabci, baƙin 'yan wasa da Larabci, Saif ya amsa da Larabci kamar yadda yake yi a ko'ina. Filin nan shi kaɗai ya rage.

Mahmudu ne ya raba gardamar. Ya ce ga wasan kusa da na ƙarshe nan tafe da ƙungiyar Aƙiƙ, waɗanda aka ce sun sayo wani dogo. In Barƙu ta ci da yaran gida, Sa'id ya rufe bakinsa ya ci gaba da sayen riguna. In aka ci Barƙu, Bature ya karɓi kujera. Bature ya yarda nan take, har da buga ƙirji. Aƙiƙ ɗin da ya saba yi wa gulma a gaban idonsu?

Ranar wasa mutane suka cika gefen fili, wasu a kan motoci, wasu a kan katangar gona. Sa'id ya zo da kujerar a bayan motarsa, wai don kada a sha wahalar nema. Dogon na Aƙiƙ ya fito, siriri, mai dogayen ƙafafu, ba ya magana da kowa. Aka ce sunansa Adam, mai gyaran firji ne a wani shago. Bature ya dube shi sama da ƙasa ya taɓe baki.

Aka busa usur. Ba a daɗe ba Bature ya hango dama.

"Ku fito gaba ɗaya, ku bar dogon nan ya yi satar gida!"

'Yan baya suka fito kamar an ja su da zare. Dogon ma ya fito tare da su, taku ɗaya, sannan ya juya ya bi ƙwallo. Sai ga ta a raga.

Bature ya ce sa'a ce. Da aka samu bugun kusurwa ya yi kira: "Kada a ɗaga, a ba Khalilu a ƙasa!" Kafin ƙwallo ta isa wajen Khalilu, dogon yana tsaye a gabansa kamar an aike shi. Ya ce a bi ta hagu, dogon ya nuna wa mutanensa hagu. Ya ce a bi ta dama, suka tarar da shi can yana jira.

Zuciyar Bature ta fara raya masa abubuwa. Ya waiga ya harari Sa'id. Ɗan yayarsa, wanda ya yi wa huɗuba da bakinsa, shi zai sayar da sirrin gida saboda kujera? Sa'id kuwa yana can yana cizon yatsa, don shi ma ba ya son a ci Jurf.

Dab da hutun rabin lokaci ƙwallo ta fita ta wajen Bature, dogon ya zo ɗauka. Haushi ya ci tsohon, ya ɗaga muryar nan ta kiran ziyara:

"Saif! Wai wannan mai ƙafa kamar sandar rake ne ya gagare ku? Dubi wuyansa kamar na raƙumin da ya ga ruwa! Ku taka shi mana, ba ya jin komai!"

Dogon ya sunkuya ya ɗauki ƙwallo. Ya ɗan rusuna, ya sa hannu a ƙirji.

"Ina wuni, Baba. Ya iyali? Ƙafar kam haka Allah ya ba ni, a yi haƙuri."

Ya jefa ƙwallo ya wuce.

Waɗanda ke kusa sun ce ba su taɓa ganin bakin Bature a buɗe ba tare da sauti na fita ba sai ran nan. Dariya ta tashi daga kan katanga ta zagaye fili. Mahmudu sai da aka riƙe shi. Ashe Adam ɗan Chadi ne, Bahaushen Anjamena, a cikin Hausa aka haife shi. Shekara da shekaru Bature yana ihu a filayen Madina, bai taɓa kawo wa ransa cewa wata rana kunnen gida zai sa rigar wasu ba.

Bayan hutu ya rasa yadda zai yi. In ya yi Hausa, Adam na ji. In ya yi Larabci, kowa na ji. Ya gwada ɗan Urdun da yake kiran alhazai da shi, yaransa suka tsaya suna kallonsa. Aka tashi biyu da ɗaya. Ya kwashe yara a jimis ya sauke kowa a ƙofar gidansu, igiyar ƙofar baya tana ta kaɗawa.

Labari ya riga shi isa gida. Ƙaltume ta ajiye masa abinci, ta zauna tana kallonsa.

"Abu Saif, an ce ka zagi baƙo."

"An ci mu, Ƙaltume. Sun karɓe filin."

"Wannan tsakaninka da Sa'id ne. Ni abin da na ji, ka tsaya a garin Manzo ka ce wa ɗan mutane raƙumi, shi kuma ya gaishe ka."

"Ban san yana ji ba."

"Au, da ba ya ji, halal ne?"

Washegari da azahar ta miƙa masa kwanuka a ɗaure cikin ƙyalle: tuwon shinkafa da miyar kuka, daga kukar da wata hajiya ta kawo mata tsaraba, wadda take ɓoyo ko 'ya'yanta ba ta cika ba. Ta ce ya kai, ya ba da haƙuri, kada ya dawo mata da kwano cike.

Ya sami Adam a wani ɗan shago a Aƙiƙ, tsakanin matattun firji, hannu duk baƙin mai. Saurayin ya miƙe da sauri ya share masa wuri. Bature ya fara jero ban-haƙurin da ya shirya a mota, amma Adam bai saurare shi ba, hancinsa ya riga ya tafi wajen ƙyallen. Da ya buɗe kwano ya ga miyar, sai ya zauna a ƙasa. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Baba, rabona da wannan tun ranar da innata ta raka ni tasha."

Suka yi hira har la'asar. Adam ya ce ya zo Umra ne ya samu mai shagon nan ya yi masa takardun aiki. Yana jin alhazai na Hausa a Harami, amma su masu wucewa ne. Bai san akwai unguwa guda ta 'yan gida a bayan dabinon can ba.

"Wallahi da na ji kana zagina, daɗi na ji," in ji shi. "Haka babana yake yi mini in na ɓarar da fenareti. Saura kaɗan in ce maka ƙara."

Bature ya yi dariya karon farko tun ranar wasa. Bai yi masa maganar Barƙu ba. Me zai ce? Ƙungiyar ta riga ta fita daga hannunsa. Ya dai ce masa gida a buɗe yake, ya tattara kwanuka ya tafi.

Ranar Juma'a ya sa farar riga mai guga, ya sa usur ɗinsa a aljihu don ya miƙa, ya nufi bencin Mahmudu kamar mai zuwa cire haƙori. An riga an kafa kujerar a gefe, har da laimar. Ya ƙi kallonta. Can sai ga Sa'id ya fito daga mota, fuska a murtuke.

"Kawu, wannan ba wasa ba ne. Ka riga ni ta bayan gida."

"Na riga ka ina?"

"Wajen dogon! Na yi wa majalisar nan alkawari shi zan fara kawowa. Yarjejeniyarsa da Aƙiƙ ta gasar nan ce kawai, da an buga wasan ƙarshe ba shi da ƙungiya. Na je da tayi mai kyau, na ce ya faɗi abin da yake so. Ka san me ya ce?"

Sa'id ya ci gaba.

"Ya ce ba ya son ko riyal. Zai buga wa Barƙu in tsohon nan mai zagi ne a bakin fili, kuma in Umm Saif za ta riƙa sa hannunsa a tuwon Juma'a. Na ce muna da sabon koci mai shahada. Ya ce, yana zagi da Hausa? Na ce a'a. Ya ce to a gaishe shi."

Mahmudu ya tuntsire har shayi ya zube masa a riga. Bature ya ji wani abu da ya tokare masa ƙirji tun ranar wasa ya sauka a hankali. Ya nemi wurin zama, bai ankara ba sai ga shi a kan kujerar mai laima. Ya zabura ya miƙe kamar ta ƙone shi.

"To yanzu ya ke nan?" Mahmudu ya tambayi Sa'id. "Koci kake so ko dogo?"

Sa'id ya ɗaga hannu sama. "Wanda ya ci mu biyu nake so. Malamin ya ci gaba da koyar da yaransa." Sai ya nuna kawunsa da yatsa. "Amma a shaida, ni na yi gaskiya. Ga shi ka sayo ɗan waje."

"Wane ɗan waje?" Muryar ta dawo gaba ɗaya, har wani mai wucewa ya waiga. "Adam ɗan waje ne? Yaron da ya ci tuwon gidana? Kai dai ba ka san idara ba, Sa'id. Kai da kuɗi ka je, aka koro ka. Ni da kwano na je."

"Kwanon ma ba naka ba ne, na Inna Ƙaltume ne."

Wannan gardama ba ta mutu ba. Shekaru bayan haka ana tayar da ita a kan bencin, kowa na cewa shi ya ci. Barƙu ta ɗauki kofi sau ɗaya da Adam, ta kuma sha kashi ba adadi, domin sauran unguwanni sun gane, kowace ta nemo nata mai jin Hausa. Bature bai fasa ihu ba. Ya ce in sun ji ma, ai ƙaruwa suka yi. Kujerar kuwa Mahmudu ya gaje ta, a kanta yake gyangyaɗi.

Abin da Bature bai yi tsammani ba, a gida ya same shi. Juma'ar farko da Adam ya zo, aka shimfiɗa leda aka zauna, Saif ya tura masa kwano yana cewa, "Tafaddal."

Adam ya naɗe hannu. "Ni ba na jin Larabci a gaban tuwo."

Saif ya kalli ubansa, ya kalli baƙon, ya sosa ƙeya.

"To ci mana, mai ƙafar rake, kafin ya huce."

Daga bayan labule Ƙaltume ta ce, "Ka ji ko, Abu Saif? Tarbiyyarka ce."

Bature ya jawo kwano. Ya sunkuyar da kai yana gutsurar tuwo, ya goge ido da bayan hannu, ya ce yajin ya yi yawa.